Nonon Hagu na Inna Wahiba

A garin Rashid na ƙasar Masar, inda kogin Nilu ke ƙarasa tafiyarsa ya zube cikin teku, idan ka ji ƙato mai gemu ya bugi ƙirji a gidan shayi ya ce, "Ni ɗan hagu ne," ba wanda zai tambaye shi abin da yake nufi. Nonon Inna Wahiba ya sha.

Wahiba matar Ragab kafinta ce, mai sassaƙa jiragen masunta a bakin kogi. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, dariyarta takan riga ta shiga ɗaki. Ba ta yi boko ba, sana'arta ba ta wuce gasa kifi da ɗinke koma ba, amma Allah ya yi mata wata baiwa da ba ta roƙa ba. Da ta haifi ɗanta na fari, Sabri, nono ya zo mata kamar an fasa tulu. Ta jiƙa riga, ta jiƙa shimfiɗa, yaro ya sha ya ƙoshi ya yi barci, abu bai ragu ba. Uwar mijinta ta ɗauke kofin hulba daga gabanta ta ce, "Ke dai ya ishe ki haka. In kika ƙara, sai mijinki ya sassaƙa mana jirgi a tsakar gida."

A cikin kwanakin ne matar wani masunci ta rasu wajen haihuwa, ta bar jariri da aka sa wa Hamdi. Aka gwada shi da madarar akuya, ya ƙi. Kakarsa ta naɗo shi a tsumma ta zo ta tsaya a bakin ƙofar Wahiba, yaron ya gaji da kuka sai buɗe baki yake. Wahiba ta miƙa hannu.

Shi Ragab, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma akwai shi da ƙyashi in an zo kan abin 'ya'yansa. Ya dawo daga aiki ya tarar da baƙon baki a ƙirjin matarsa, ya ɓata rai.

"To ɗana fa? Me zai sha?"

"Haba, Ragab! Rijiya ce da za ta ƙafe?"

Ya auna abin da ido yadda yake auna katako, sannan ya yanke hukunci. "A raba. Dama na 'ya'yana, hagu na 'ya'yan mutane."

Ta yi masa dariya har da hawaye, amma ta bi. Abin da aka fara da wasa ya zama doka. Shekaru suka yi ta tafiya, tana haihuwa tana shayarwa, unguwa kuma na kawo mata nata. Wadda nononta ya ƙafe, wadda zazzaɓi ya kwantar, wadda ta haifi tagwaye ta rasa yadda za ta yi, wadda kakar dabino ta ɗauke ta daga safe har faɗuwar rana, duk ƙofar Wahiba suke nufa. Kowane yaro hagu ake ba shi, ya sha ya ƙoshi, ya dawo ya ƙara, har ya zama ɗanta a wajen Allah. Ba ta taɓa mantawa da ko ɗaya ba, kuma da yadda suke sha take tuna su. Hamdi mai cizo ne tun kafin ya yi haƙori. Tahani, 'yar mai gidan burodi, barci take yi a kan nono sai an sosa mata tafin ƙafa. Midhat yakan sha yana kallon fuskarta kamar yana da magana.

Da yaran suka girma sai abin ya zame wa masu neman aure aiki, tunda waɗanda suka sha nono ɗaya ba su auren juna. Ba a sa rana a unguwarmu sai an zo an durƙusa gaban Wahiba. "Inna, wannan ya sha? Waccan fa?" Hamdi, wanda ya zama masunci kamar ubansa, sai da ya je har garin Idku ya samo mata. Har gobe yana mita. "Inna, kin cuce ni wallahi. Duk kyawawan unguwa kin mayar min da su ƙanne."

Ranar Idi kuwa gidanta ba masaka tsinke. 'Yan dama, wato Sabri da ƙanwarsa Awatif da sauran waɗanda ta haifa, su zauna gefe guda. 'Yan hagu su cika ɗaya gefen har kan matakala. Sai a fara.

"Mu da dama muka ci, kamar yadda Musulmi ke ci," in ji Awatif.

"Ku ci da damarku," in ji Tahani. "Mu a kan zuciya muka kwanta. Ku me kuka ji a naku ɓangaren? Kukan hanji?"

Wahiba na tsakiya tana raba kifi da shinkafa, tana zagin kowa daidai wa daida.

Tun tana da ƙuruciya akwai wasu 'yan ƙullutai da ke fito mata a nonon hagun, su yi tsami in wata ya kusa, su lafa in ya wuce. Baƙina, haka take kiransu. In ta taɓa sai su zille ƙarƙashin yatsa. Da jini ya ɗauke mata suka yi shiru, ta manta da su. Sai bayan ta haura sittin, Ragab ya daɗe a ƙasa, wata rana tana wanka ta ji wani. Mai tauri ne kamar ƙwallon dabino, ba ya ciwo, ba ya zillewa. Ta ce a ranta, tsohon baƙo ne ya tuna hanya. Ta bar shi ya ga kakar dabino, ya ga sanyi. Awatif ce ta shigo uwar na canza riga, ta ga fatar wurin ta lotsa, ta ɗora hannu a ka. Washegari suna motar Iskandariya, za su babban asibiti.

Sankara ce, in ji likitoci. Suka cire hagun gaba ɗaya.

Ta jure aikin, ta jure ɗinkin, ta jure hannun da ya ƙi ɗaguwa. Abin da ya kayar da ita magana ce, kuma a kan gadonta aka faɗa mata. Maƙwabciyarta Ni'imat, matar da ba ta taɓa zuwa dubiya ta bar mara lafiya yadda ta same shi ba, ta zauna ta sha shayi, ta dubi gefen rigar da ya faɗa, ta yi ajiyar zuciya.

"Ashe hagun ne? Wanda yaran mutane suka sha? Allah ya kyauta. Shi dai Ragab ya san abin da ya gani da ya ware wa nasa dama."

Ta ajiye kofi ta tafi abinta. Ni da a ce ina wurin, da kofin zan bi ta da shi.

Maganar ta shige Wahiba ta zauna. Ta fara bin 'yan hagu ɗaya bayan ɗaya a zuci. Midhat, mai kallon fuskarta, ciwon hanta ya ɗauke shi bai kai arba'in ba. Ɗaya daga tagwayen nan na fama da ciwon suga. Tahani ta taɓa gaya mata ita ma tana jin ƙullutai in wata ya kusa. Har sanƙon Hamdi sai da ta ɗora wa kanta. Ta tuna baƙinta na ƙuruciya, ta ce ashe tun lokacin abin na ciki, yana kwance a gindin rijiyar, ita kuwa tana ta ɗiba tana ɗura wa marayu da 'ya'yan amana, nata na can gefe suna shan mai kyau. Tsoro da kunya suka rufe ta. Ta ce da Awatif, "Duk ɗan hagun da ya zo, ki ce ina barci."

Suka yi ta zuwa. Tahani ta zo da burodi mai zafi ta koma da hawaye. Hamdi yakan zo da kifi, a ce tana barci, ya zauna a kan matakala ya daɗe, ya ajiye kifin ya tafi. Tana jin takunsa, tana jin tarinsa, ta juya fuska bango.

Da rana, in zafi ya kwanta a kan gari, takan yi gyangyaɗi a bakin taga. Sai ta ga Nilu ya koma fari fat, yana tafiya a hankali, jiragen da Ragab ya sassaƙa suna yawo a kai ba matuƙi, kowanne da jariri a ciki yana miƙo hannu yana ɗiban ruwan. Iska na kaɗa dabinai ba ƙara. Ta so ta yi musu ihu su bari, don tana ganin wata inuwa na bin ƙarƙashin jiragen, amma murya ba ta fita. Sai kiran sallar la'asar ya tashe ta, hannunta dafe da wurin da babu komai.

Wata safiya ta ce da Awatif, "Ina suka kai shi?"

"Wa, Inna?"

"Nonona."

"Haba Inna, don Allah! Wa ke tambayar irin wannan?"

"Ni. Ba shara ba ne da za a zubar. Jama'a ya ciyar. Liman ya ce abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam a naɗe shi a binne. Ki je ki karɓo min, ko in je da ƙafata."

Gaskiya ta faɗa, amma ba duka ba. Wahiba ta yi rayuwarta tana fasa cikin kifi, kallo ɗaya take yi ta san ko na yau ne ko ya kwana. So take ta buɗe abin nan da hannunta ta ga tun yaushe ya lalace.

Awatif ta yi ta zirga-zirga har aka ce su zo, abin na ɗakin gwaji, an gama da shi. Ɗakin na can ƙasan asibitin, warin magani na yaji a ido. Likitar wurin, Dakta Suhair, siririya ce mai tabarau, irin likitocin da marasa lafiya ba su cika gani ba, don nama ake kawo mata ba mutane ba. Ta dubi tsohuwar nan da ta zo neman kayanta, ta jawo mata kujera.

"Hajiya, za mu ba ki. Amma me ya sa kike son buɗewa?"

Wahiba ta dubi Awatif, ta dubi ƙasa, sai maganar ta ɓalle. Ta faɗi dokar Ragab, ta faɗi 'yan hagu, ta faɗi Midhat da Tahani da baƙinta na ƙuruciya da abin da Ni'imat ta ce. Awatif ta riƙe baki, sai yanzu ta san dalilin rufe ƙofa.

Likita ta ce, "In kin buɗe ba abin da idonki zai gane, magani ya canza shi. Zo nan in nuna miki."

Ta ɗauko wasu 'yan fallayen gilashi, kowanne da ɗan tabo mai launi a kai. Ta ce daga naman aka yanko su, sirara fiye da ɓawon albasa, aka rina. Ta sa ɗaya a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, ta gyara wa Wahiba zama, ta ce ta kara ido. Da farko haske kawai ta gani da gashin idonta. Can sai abu ya fito.

Wuri ne mai duhun shuni, cunkus, ba hanya ba lungu, kowa ya hau kan kowa.

"Shi ne wannan," in ji likita. "Shi ne ciwon. Yanzu kada ki ɗaga ido, zan matsa."

Duhun ya ja gefe ya wuce, sai ƙasa ta buɗe. Wahiba ta ja numfashi. Fili ne mai ruwan hoda kamar fure, shimfiɗe har iyakar gani, da magudanai suna lanƙwasa a cikinsa, da tafkuna farare zagayayyu, da 'yan gidaje curi-curi a bakin kowace hanya. Ta taɓa hawa tudun yashi na bayan gari tana amarya, Ragab ya nuna mata Rashid daga sama da hantsi. Haka ta ji yanzu, har da iskar.

"Duk a cikina wannan yake?"

"Duk."

"Tafkunan nan fa?"

"Jakunkunan ruwa ne. Su ne baƙin naki masu zuwa da wata. Ba sa kisa, Hajiya. Mata da yawa na da su, ni ma da kike gani ina da su."

"Wannan da ya yi kamar zaren koma?"

"Nama ne ya yi kauri, shekaru ke kawo shi. Fararen ɗigon nan kuma kamar alli ne ya taru. Su ma ba ruwansu da kowa." Ta ƙara matsawa. "Kin ga 'yan ɗakunan nan? A nan ake yin nono. Yawancinsu sun tsuke, aikinsu ya ƙare. A nan gefen sun yi yawa sun matsu, amma duba da kyau, kowanne da katangarsa, ba wanda ya haura gidan wani. Shi wancan na farko ba ya sanin katanga, da haka muke gane shi."

Wahiba ba ta ɗaga ido ba. Muryarta ta yi ƙasa. "Yaushe ya shigo?"

"Ba zan iya ce miki ga rana ba. 'Yan shekarun nan ne. Yaushe kika yaye na ƙarshe?"

"Wadda na yaye ƙarshe, 'yarta ta fara sa mayafi."

"To lokacin babu shi. Kuma ko da yana nan, ba ya bin nono ya shiga cikin yaro. Abin da suka sha daga 'yan ɗakunan nan ya fito."

"Ba baƙin nawa ne suka haife shi ba?"

Likita ta cire tabarau ta goge. "Abin da ya kawo shi, wallahi ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Muna yawan samun irin waɗannan a kewaye da shi, kamar yadda muke samunsu a nonon da ba abin da ya taɓa shi. Akwai irin da in mun gani mukan ƙara sa ido, naki ba su ba ne. Zama ya haɗa su wuri ɗaya. Ita Tahani ta zo a duba ta, kamar kowace mace." Ta juya ta dubi Awatif. "Wadda na fi so ta riƙa zuwa a kai a kai ga ta nan. In akwai abin da ake gado a ciwon nan, ta jini yake bi."

Nan ne Wahiba ta ɗago. Ta dubi 'yar da ta haifa, 'yar dama, wadda ko sau ɗaya ba ta sa ta a cikin tsoronta ba. Wani nauyi ya sauka, wani ƙarami mai kaifi ya hau. Ta kamo hannun Awatif ta riƙe gam.

"Kin ji ko, Inna?" in ji Awatif, tana dariya ido na ruwa. "Ko a nan mu 'yan dama ne a gaba."

"Rufe min baki. Za ki riƙa zuwa ko da jan kunne ne."

Ta roƙi a bar ta ta ƙara kallo, likita ta bar ta. Ta daɗe a kai, tana yawo a garin nan mai ruwan hoda, tana bin hanyoyinsa a hankali, leɓɓanta na motsi. Awatif ta matso ta ji abin da take faɗa. Rabon gidaje take. Wannan na Hamdi, ga shi ma a karkace kamar an cije shi. Wannan na Tahani. Wancan ƙaramin na bakin tafki, mai kallon sama, na Midhat.

Likita ta ce za ta riƙe gilasan da 'yan gutsattsarin da ta adana, saboda maganin da za a ci gaba da yi mata. Wahiba ta ce, "Riƙe mugun, 'yata, ki yi ta tsaronsa. Ki ba ni nawa." Aka ba su nonon a rufe, ta ɗora a cinya har Rashid, ba ta yi gyangyaɗi ba ko kaɗan. A bakin ƙofa ta ga kifin Hamdi a kan matakala, ta ce da Awatif, "Kira min ja'irin nan. Ki ce ya gaya wa sauran."

Washegari da hantsi suka hau maƙabarta, wajen kabarin Ragab. Ba salla ake yi wa irin wannan ba, rami ne kawai da farin ƙyalle, amma 'yan hagu suka zo kamar ranar Idi, masunta da direbobi da malaman makaranta, wasu da furfura, wasu da goyo. Tahani ta tsaya nesa kaɗan, fuska a kumbure.

"Inna, me muka yi miki kika rufe mana ƙofa?"

"Ba ku yi komai ba. Na ɗauka cuta na shayar da ku, na kasa kallon idonku." Ta gyara mayafi a kan gefen da ya faɗa. "Na je na duba da idona. Lafiyayye kuka sha, kowa da ɗakinsa."

Ba wanda ya gane zancen ɗaki, ba kuma wanda ya tambaya, don Tahani ta riga ta faɗa jikinta. Sabri, a matsayinsa na babban ɗa, ya miƙa hannu zai ɗauki ƙunshin. Hamdi ya tare shi da kafaɗa.

"Kai ɗan dama, me ya haɗa ka da shi? Naka na nan a jikinta."

Sabri ya ja da baya. Hamdi ya durƙusa ya sa hannu biyu, hannuwan da igiyar koma ta fasa, ya ɗauki farin ƙyallen yadda ake ɗaukar jariri. Ya miƙe, ya yi taku ɗaya, ya tsaya. Ƙaton nan mai sanƙo, gemunsa na rawa.

"Inna," ya ce, "ba nauyi."

"Ina zai yi nauyi, ɗan nema?" in ji Wahiba. "Ai kun shanye."